Dan Allah akwai tallafin gwamnati ga mai son sarrafa ledar da masana'anta ke zubarwa a nan Zariya?

Mai_Fiyawata:

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Dan Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka san kan abin. Ina da ɗan ƙaramin gidan ruwa ta wajen Dakace, inji biyu ne kacal, shekara ta biyar kenan muna lallaɓawa. To duk wanda ya taɓa tsayawa gaban injin fiya wata ya san da safe kafin ya ɗau zafi sai ya ɓata leda, wata ta ƙi mannewa wata ta fashe wata rubutun ya karkace, ga ƙarshen rol da ba ya shiga inji, ga ledar jaka da muke zuba ashirin-ashirin wadda direbobi ke dawowa da ita a bayan mota duk ta yage. Duk a bayan fakitiri muke jibgewa. Da can ƙonawa muke yi, ba zan ɓoye ba, sai ranar da wata dattijuwa maƙociyarmu mai ciwon asma ta aiko jikanta ya ce Inna ta ce dan girman Allah a daina, jiya ba ta runtsa ba. Wallahi jikina ya yi sanyi. Tun daga ranar ban sake bari an ƙyasta ashana a wajen ba.

Yanzu yaran jari bola ne ke zuwa su auna su ɗauka, abin da suke bayarwa ko kuɗin shayin ma'aikata ba ya kaiwa, amma dai ta bar mana waje. Abin da ya fi damuna ba ma ta cikin fakitiri ba ce. Daminar da ta wuce cikin Agusta aka yi ruwan nan mai ƙarfi na biyo ta Sabon Gari na tarar kwalbati ta toshe ruwa ya hau titi ya shiga shaguna, matasa sun tuɓe riga suna ta zaƙulo shara da cebur, na tsaya ina kallo sai ga ledar ruwana da sunan kamfanina ɓaro-ɓaro a cikin abin da suka fito da shi, ba ɗaya ba ba biyu ba. Ba wanda ya san ni a wajen amma kunya ta kama ni kamar an kira sunana a lasifika.

Shi ne na fara tunanin in sayi injin niƙa leda da na narkarwa in riƙa sarrafa tawa, in kuma riƙa sayen wadda aka sha aka yar daga hannun masu shaguna da nake kai wa ruwa. Na tambayi kuɗin inji, ya fi ƙarfina ni kaɗai. Kullum kuma muna ji a rediyo wai gwamnati na tallafa wa masu irin wannan sana'a. Tambayata, tallafin nan da gaske akwai shi? Wane ofis ake zuwa, na jiha ko na tarayya, kuma me ake tafiya da shi? In akwai wanda ya taɓa samu ko ya san hanya dan Allah ya taimaka min da bayani. Na gode.

Dilan_roba_SG:

Wa alaikumus salam Alhaji. Ni wannan harka ita ce abincina shekara goma sha, daga tura baro na fara har Allah yasa yanzu ina da sikeli na da yara da suke kawomin kaya. Kafin akai ga maganar gwamnati bari in faɗa maka wani abu, yaran nan suna sayen kayanka a banza ne saboda a cakuɗe kake basu. Ledar da inji ya ɓata bata taɓa ƙasa ba, babu yashi babu miyau babu maiƙo, ita ce lamba ɗaya a wajenmu, ba kuɗinta ɗaya da wadda aka tsinto a kwata ba wadda sai an wanke an shanya kuma rabin nauyinta laka ne. Ka samu manyan buhuna ka ware, ta inji daban, ledar jaka daban, in akwai gorar roba daban, murafen gora ma daban domin ba irin roba ɗaya bane da jikin gorar. In aka haɗa leda da gora a tukunya ɗaya basa narkewa tare, kayan lalacewa yake gaba ɗaya. Ka tara ta kai lodi sannan ka kira dila ba yaro mai buhu ba, zakaga bambanci tun a wata na farko.

Maganar inji kuma kabi a hankali Alhaji. Sayen injin ba shine wahalar ba, ciyar dashi. Na narkarwa wuta mai layi uku yake so kuma ba'a son a ɗauke yana tsakiyar aiki, in roba ta daskare a cikin bututun ranar kam aiki ya ƙare sai an kwance an ƙona an kankare, in kace janareto zakai to kowa yasan yadda dizal yake yanzu. Nasan mutum biyu da suka sai inji da murna yanzu yana nan an lulluɓe da tamfol. Sannan ledar fakitiri ɗaya bazata ishi inji ba, kwana biyu zai cinye abinda ka tara a wata. Shiyasa yawancinmu nan Zariya iyakarmu mu tara mu ware mu niƙa mu ɗaure, sai a loda a mota zuwa Kano, Sharaɗa da Challawa da Bompai, can ne ake maida ita ƙwaya ayi baƙar leda da buta da bokiti. Ribar mai kauri tana can, mu ƙura da yankan kwalba muke sha.

Tallafi kuwa ni dai a hannuna ban taɓa riƙe ko sisi ba. An taɓa zuwa an rubuta sunayenmu an ɗauke mu hoto da safar hannu da takunkumi, bayan an gama hoton shikenan bamu sake jin ɗuriyarsu ba, bazan faɗi ko su waye ba. Kuma wlh mu ba kuɗi muke roƙo ba. A bamu fili guda a bayan gari da katanga, a ja mana wuta mai ƙarfi, ayi mana rajista da katin shaida yadda za'a bambance mai neman halak da ɓarawon wayar taransifoma. Kaga Abuja farkon 2025 hana jari bola akayi a cikin gari saboda masu cire murafen kwalbati da ƙarafan gwamnati, laifin wasu ya shafi kowa, yara da yawa suka dawo gida ba aikin yi. Ɓarayin nan suna ɓata mana suna mu ma bama son su. Amma in aka kore mu duka waye zai kwashe robar, motar shara nawa ce a garin nan?

Yar_Samaru:

Salam. Yallaɓai Allah ya saka da alheri da ka daina ƙonawa, hayaƙin leda ba ƙaramin guba ba ne musamman ga yara da masu ciwon ƙirji. Ni ɓangaren muhalli na karanta a ABU kuma na ɗan yi aiki da masu tara roba, bari in faɗi abin da na sani tsakani da Allah.

In ana maganar tallafin gwamnati mutane suna ɗauka wani asusu ne da za ka cike fom a turo maka alat. A wannan harkar yawancin abin da gwamnati ta yi doka ce da tsari, kuɗin kuma ta ɗora shi a wuyan kamfanoni. Asalin abin ma tun 1988 ne lokacin da aka kawo sharar guba daga Italiya aka jibge a garin Koko da ke jihar Delta ta yanzu, wannan abin kunyar ne ya sa aka kafa hukumar kare muhalli ta tarayya ta farko, daga baya a 2007 aka kafa NESREA wadda ita ce yanzu ke sa ido a kan masana'antu. A jiha kuma muna da KEPA, hukumar kare muhalli ta jihar Kaduna. To NESREA tana da wani tsari da ake kira EPR, ma'anarsa a taƙaice duk wanda ya ƙera kaya ko ya zuba shi a leda ko gora ya sayar, alhakin wannan ledar yana kansa har bayan an sha an yar. Wato abin da ka ji a ranka a bakin kwalbatin nan, shi ne dai aka rubuta a takarda. Saboda wannan tsarin ne manyan kamfanonin lemo da abinci irin su Coca-Cola da Nestle da 7Up suka haɗu a 2018 suka kafa FBRA, suna zuba kuɗi ana tallafa wa masu tara roba da wuraren tarawa da kayan aiki. Masu kayan lantarki su ma suna da tasu, EPRON, haka masu batir. Sai kuma a 2020 gwamnatin tarayya ta amince da manufar ƙasa kan sharar roba.

Inda gizo ke saƙar shi ne yawancin wannan motsi a Legas da Abuja yake, mu nan sai dai mu gani a Facebook. Kuma wani ɓangare na laifin namu ne, ba a gwamnati kaɗai yake ba, domin waɗannan ƙungiyoyin ba sa hulɗa da wanda ba shi da rajista ba shi da lissafi. Tambayar farko da za su yi maka ita ce kilo nawa kake tarawa a wata, ina shaidar? Mu kuma sai mu ce ai da yawa ne wallahi. Dan Allah tun gobe ka sayi littafi mai bango mai tauri da sikeli, duk abin da aka ware a auna a rubuta kwanan wata da nauyi da wanda ya saya, a ɗauki hoto da waya. Wata shida ka yi kana haka ka fi mai dogon turanci ƙarfin magana a kowane ofis.

Sannan ina ba ka shawara ka je KEPA da ƙafarka kafin ka kafa komai, ka ce ga abin da nake son yi, wane izini ake buƙata, ina ya dace in kafa. Wurin wanke leda yana fitar da ruwa mai datti sosai, in ka sake shi ya bi lambatu ya gangara Galma ko Kubanni inda mutane ke noman rani da shi, an gudu ba a tsira ba kenan. Kuma masu fiya wata ku buɗe ido, Legas ta hana robar takeaway ɗin nan fara mai kamar soso tun Janairun 2024, a shekarar kuma gwamnatin tarayya ta hana amfani da robar da ake yarwa bayan amfani ɗaya a ma'aikatunta. Iskar nan za ta iso Arewa ko ba jima ko ba daɗe, kuma ranar da ta iso wanda aka tarar yana karɓar ledarsa da kansa ba za a yi masa kallon da za a yi wa sauran ba.

Abu na ƙarshe, duk wanda ya turo maka link a WhatsApp wai tallafin muhalli ka biya kuɗin fom ko ka tura BVN, ɗan damfara ne, ka goge kawai.

Baba_Tudunwada:

Assalamu alaikum. Ɗana, na karanta bayaninka da na wannan yarinya, Allah ya yi mata albarka ta faɗi gaskiya. Ni tsohon ma'aikaci ne, na yi shekaru a harkar ƙungiyoyin gama kai kafin in yi ritaya, jikana ne ma yake taya ni rubutun nan.

Abin da na gani a aikina shi ne gwamnati ba ta cika jin muryar mutum ɗaya ba, amma in kun zo ku ashirin da takardar rajista da shugaba da ma'aji da asusun banki, dole a ba ku kujera. Gidajen ruwa nawa ne daga Dakace zuwa Shika, daga Danmagaji zuwa Basawa? Kowannensu yana da irin tulin da ke bayan fakitirinka. Kuma kuna da ƙungiya ta masu ruwa, ba sabon abu za ka ƙirƙiro ba. Ka kai maganar wurin taro, ku ware mutum goma masu amana ku yi ƙungiyar gama kai, ku jawo irin su wannan bawan Allah dila a ciki domin shi ya san kasuwar. Da haka matsalar da ya faɗa ta ciyar da inji ta kau, hannu da yawa maganin ƙazamar miya.

Ta fuskar kuɗi, ƙofofin da na sani a buɗe su ne waɗannan. Ku yi rajistar CAC wato hukumar rajistar kamfanoni, ku yi ta SMEDAN wato hukumar bunƙasa ƙananan sana'o'i, ita SMEDAN ɗin tana da cibiyar bunƙasa masana'antu a nan Zariya wadda ake kira IDC, tsohuwar cibiya ce. Sai Bankin Masana'antu wato BOI, su bashi suke bayarwa ba kyauta ba, kuma za su nemi tsarin kasuwanci a rubuce da takardar farashin inji daga mai sayarwa da jingina ko masu tsaya muku, sau da yawa ma mai injin suke biya kai tsaye ba su damƙa muku kuɗi a hannu ba, wanda ni a ganina hakan ya fi alheri domin na ga yadda kuɗin inji yake komawa kuɗin aure. In kuma zuciyarka ba ta kwanta da kuɗin ruwa ba, kamar yadda tawa ba ta kwanta ba, akwai bankunan da ba sa harka da ruwa irin Jaiz, su sayi injin su sayar maka da riba sananniya ka biya a hankali.

Kada kuma ku tsaya kan injin waje kawai. Ku je Panteka a Kaduna ku ga abin da maƙera ke haɗawa, injin niƙa dai ana yin sa a gida kuma in ya lalace mai gyaransa yana kusa. Ga NARICT nan a Basawa, cibiyar binciken sinadarai ce ta tarayya, ga sashen injiniya na jami'a. Garin nan Allah ya tara mana masana, amma sai ka ga ɗan kasuwa bai taɓa taka ƙofarsu ba su ma ba su taɓa taka tasa ba. Ku rubuta wasiƙa da sunan ƙungiya ku kai da hannu, ku karɓi kwafin da aka buga wa hatimi, bayan sati biyu ku koma. Sannan ku nemi kansilanku da ɗan majalisarku na jiha a kan maganar fili, wannan hurumin ƙaramar hukuma da jiha ne, ba sai an je Abuja ba.

Injin_Shinkafa:

Nima dai ina bin zaren nan da kyau domin ciwo ɗaya ke damunmu, ni nawa ɓuntu ne. Lokacin kaka in ana casa sosai tulin ɓuntun bayan injina yafi ginin tsawo, in ya kama wuta kuma sati yake yana cin ciki ba harshe sai hayaƙi, akwai yaron da ya taɓa takawa yana zaton toka ce mai sanyi ƙafarsa ta ƙone, har yau in na tuna raina ɓaci yake. Yanzu masu kaji suna ɗiba suna shimfiɗa wa kaji, masu turara shinkafa suna hura wuta dashi, amma abinda ake ɗiba bai kai rabin abinda ke fita ba. Ance akwai injin da ke matse shi ya zama kamar itace ayi girki dashi, kaga da an samu wannan ai da an rage sare daji ga gawayi yayi tsada. Baba in za'a kafa ƙungiyar nan dan Allah kar ace ta masu leda ce kaɗai, asa damu da masu injin katako na timba, suma garin katako ya ishe su. In fili ɗaya ne aka samu kowa ya kama kusurwarsa wutar ma ɗaya za'a ja.

Bakanike_Kwangila:

Kuyi haƙuri in ɗan karkata. Ana ta maganar leda an manta da namu na gareji wanda yafi ta haɗari, baƙin mai da tsohon batir. Baƙin mai wasu suna saye amma da yawa a ƙasa ake tuttular dashi, duba ƙasar kowane gareji baƙa ƙirin ko ciyawa bata fitowa, ga rijiyoyin mutane a kusa. Batir kuma yara ne suke fasa shi da guduma su zubar da ruwan acid ɗin a lambatu su ciro dalmar da hannu ba safa, a haka zasu sai biredi suci. Wanda ya tuna abinda gubar dalma tayi a Zamfara a 2010, ɗaruruwan yara suka rasu, bazai so yaga wannan ba, duk da can daga haƙar zinare ne amma gubar ɗaya ce. Ni yanzu na aje durom a gareji na duk wanda ya canza mai a ciki ake juyewa, batir kuma bana sayarwa sai ga wanda zai ɗauke shi a rufe yadda yake. Hajiya tunda kince masu batir suna da tasu ƙungiyar dan Allah ya sunanta?

Yar_Samaru:

Malam sunanta ARBR, kuma a 2024 an fitar da doka ta musamman a kan batir ƙarƙashin NESREA. Abin da kake yi na ƙin bari a fasa shi ne daidai, ka ja hankalin sauran masu gareji na layinku su ma su aje durom.

Mai_Fiyawata:

Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Baba Allah ya ƙara girma da lafiya, a gaida jikan namu da ya yi rubutu. Gaskiya na shigo da tunanin inji na fita da tunanin littafi da sikeli. Yau da safe na sa yara sun kawo buhuna huɗu mun fara warewa, ta inji kaɗai ta cika buhu biyu kafin azahar, ni kaina ban san haka muke ɓarnar leda ba, har na kira mai gyara ya duba hitar injin ɗaya domin inaga ita ke ƙona bakin ledar, kaga in aka gyara ma sharar ta ragu tun daga tushe kuma kuɗin rol ya ragu. Na kuma yi magana da masu shaguna uku da nake kai wa ruwa a Tudun Wada, na ce zan aje musu buhu duk wanda ya cika min shi da ledar da aka sha zan ba shi jakar ruwa kyauta, biyu sun yarda ɗaya ya ce sai ya ga yadda ƙuda zai yi.

Taron masu ruwa na wata mai zuwa zan tada maganar in sha Allah. Malam dila dan Allah ka turo min saƙo ta inbox in ba ka kwatance ka zo ka ga kayan da idonka ranar Asabar bayan la'asar, kai ma mai shinkafa ka taho mu zauna. Hajiya in ba damuwa ina son ki taimaka min da yadda zan tsara shafin littafin nan, me da me zan rubuta a kowane layi, domin kar in yi wata shida ina rubutu a zo a ce ba haka ake so ba.